Mikhail Tal: Gwanin chess da ya taso daga gadon asibiti ya doke Kasparov

A watan Nuwamban 1986 manyan 'yan wasan dara na chess daga ƙasashe fiye da 100 suka hallara a birnin Dubai na Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, domin gasar ƙasa da ƙasa da ake kira Olimfiyad, karo na 27. Tarayyar Sobiyet, wadda ta daɗe tana riƙe da ragamar wannan wasa, ta aika mutum shida: zakaran duniya Garry Kasparov, da Anatoly Karpov wanda Kasparov ya karɓi kambun daga hannunsa, da Andrei Sokolov, da Artur Yusupov, da Rafael Vaganian, da Vitaly Tseshkovsky. Sun ɗauki kofin, amma da ƙyar, domin rabin maki kaɗai ya raba su da Ingila.

Akwai sunan da babu shi a wannan jeri. Mikhail Tal, tsohon zakaran duniya, ya cika shekara 50 da haihuwa kwana biyar kafin a buɗe gasar. Sau takwas ya wakilci ƙasar a Olimfiyad, sau takwas ɗin kuma ta koma gida da zinariya. A wasa 101 da ya buga mata, biyu kacal aka ci shi. Sai dai rabonsa da tawagar tun 1982. Ƙoda ɗaya ta rage masa, sigari ba ya barin bakinsa, kuma ya fi ƙarfin a kira shi baƙo a asibitocin Riga da Mosko. Da yawa sun ɗauka zamaninsa ya wuce.

Bayan wata 15, a Fabrairun 1988, aka yi gasar duniya ta wasan walƙiya a garin Saint John na ƙasar Kanada. Mutum 32 suka shiga, bisa tsarin wanda aka doke ya kama hanya. Kasparov yana nan, Karpov yana nan, kuma dukansu biyu an fitar da su tun kafin wasan ƙarshe. Wanda ya rage a ƙarshe shi ne Tal, mai shekara 51, ya lallasa Vaganian da maki 3½ da ½, ya zama zakaran duniya a fannin da ake ganin na samari ne.

Wasan da agogo ke yanke wa hukunci

A gasar chess ta asali, 'yan wasa biyu na iya wuni a zaune. Wasa na shida a karawar neman kambun duniya da aka yi a Dubai a 2021, tsakanin Magnus Carlsen da Ian Nepomniachtchi, ya kai taku 136, ya kuma ci kusan awa takwas. Wasan walƙiya, wanda aka fi sani da sunansa na Jamusanci, blitz, kishiyar wannan ne. A zamanin Tal minti biyar ake bai wa kowa don wasan baki ɗaya. Agogo mai fuska biyu yana gefe, duk wanda ya yi taku sai ya danna, nasa ya tsaya, na abokin karawa ya ci gaba. A kowace fuska akwai 'yar ƙaramar tuta. Wanda tutarsa ta faɗi ya sha kaye, ko da kuwa shi ke da rinjaye a kan allo.

Yanzu an ƙara matse lokacin. A gasar duniya da aka yi a kulob ɗin chess na Dubai a watan Yunin 2014, minti uku aka bayar, da ƙarin daƙiƙa biyu a kowane taku. Carlsen ne ya lashe ta da maki 17 cikin 21, bayan ya riga ya ɗauki kambun wasan hanzari a wannan mako. Shekarunsa 23 a lokacin. Idan aka ajiye 23 kusa da 51, za a gane girman abin da Tal ya yi a Kanada.

Amma nasarar ba ta zo wa waɗanda suka san shi da mamaki ba. Tun yana saurayi, ko a doguwar gasa, Tal ya gina wasansa a kan abu guda: wanda ke zaune a gabansa ɗan Adam ne, yana da tsoro, yana da gajiya, kuma agogonsa yana tafiya.

Ɗan likita daga Riga

An haifi Mikhail Tal ranar 9 ga Nuwamban 1936 a Riga, babban birnin Latbiya, a gidan Yahudawa. Mahaifinsa likita ne. Yana ƙarami Tarayyar Sobiyet ta haɗiye ƙasar, sannan a 1941 sojojin Jamus suka shigo. Iyalin suka tsere gabas cikin Rasha, abin da ya tsirar da su daga kisan kiyashin da ya cinye mafi yawan Yahudawan Riga, suka dawo bayan yaƙi.

An haife shi da yatsu uku a hannun dama, abin da bai hana shi kaɗa fiyano ba. Ya iya karatu tun yana shekara uku, aka riƙa tsallakar da shi aji, har ya shiga jami'a da ƙananan shekaru. A can ya karanci adabi, ya rubuta kundinsa a kan marubutan barkwanci Ilf da Petrov, ya kuma ɗan taɓa koyarwa a makaranta. Chess kuwa a gida ya fara ganin ta, daga nan ya shiga kulob ɗin yara na birnin. A 1949 Alexander Koblencs ya karɓe shi a matsayin almajiri, ya kuma zauna tare da shi har ya kai ƙololuwa.

Tashinsa ya yi sauri ƙwarai. Zakaran Latbiya a 1953. Zakaran Tarayyar Sobiyet a 1957 yana da shekara 20, a ƙasar da ake cewa lashe gasarta ta cikin gida ya fi na ƙetare wuya. A wannan shekara hukumar chess ta duniya, FIDE, ta ba shi muƙamin babban gwani, mafi girma a wasan. Ya sake lashe gasar Sobiyet a 1958, ya lashe ta share fage a Portorož, sannan a 1959 ya shiga gasar mutum takwas a Yugoslabiya, wadda za ta fitar da mai ƙalubalantar zakaran duniya. Ya tashi da maki 20 cikin 28. A cikin waɗanda ya bi ta kansu har da wani yaro Ba'amurke mai shekara 16, Bobby Fischer, wanda ya doke sau huɗu a wasa huɗu.

Kyautar da ke ƙona hannu

A darar gargajiya ta ƙasar Hausa, 'ya'ya 12 na kowane ɓangare darajarsu ɗaya. A chess kuwa kowa da matsayinsa. Idan soja maki ɗaya ne, doki da giwa uku-uku ne, hasumiya biyar, sarauniya tara, sarki kuwa ba shi da farashi, domin kama shi ne ƙarshen wasa. Darasin farko da ake koya wa yaro shi ne kada ya ba da babba a madadin ƙarami. Tsakanin manyan gwanaye, rasa doki ɗaya a banza ya isa mutum ya miƙa wuya.

Tal kuwa da gangan yake miƙa doki, wani lokaci hasumiya, wani lokaci sarauniya ɗungurungum, domin ya fasa katangar da ke kare sarkin abokin karawa. Sadaukarwa ba sabon abu ba ce a chess. Bambancin shi ne magabata kan yi ta bayan sun lissafa ƙarshenta. Tal sau da yawa bai san ƙarshen ba. Abin da ya sani shi ne ya jefa wasan cikin sarƙaƙiyar da babu mai iya warware ta a lokacin da ya rage, kuma shi ya fi kowa iya tafiya a cikin duhu.

Bayan an tashi, masu nazari kan kwana suna bincike, su gano cewa da abokin karawar ya yi taku kaza da ya tsira, wani lokaci ma da ya yi nasara. Wannan ya sa wasu dattawan wasan suka ɗauki salonsa a matsayin dabarar rufa-ido. Sukar tana da ƙamshin gaskiya, kuma kwamfutocin yau sun tabbatar da cewa wasu hare-harensa suna da ɓaraka. Sai dai an manta da abu guda: amsar da aka samo washegari, cikin natsuwa da kofin shayi, ba ta da amfani ga wanda tutarsa ta faɗi jiya. Kuma ba kowa salon ya ci ba. Paul Keres ya doke shi sau uku cikin huɗu a 1959, Viktor Korchnoi kuma ya zame masa ƙarfen ƙafa tsawon rayuwarsa, domin shi yakan karɓi kyautar, ya zauna ya lissafa ba tare da firgita ba.

Akwai kuma kallonsa. Yakan kafa wa mutum ido har aka fara raɗe-raɗin yana da tsafi. A gasar 1959 Pal Benko ya zo wasansu sanye da baƙin tabarau don kare kansa. Tal ya aro wani tabarau wanda ya fi nasa girma ya ɗora, zauren ya fashe da dariya.

Shi da kansa bai ɓoye yadda yake yanke shawara ba. Ya ba da labarin wasansa da Evgeni Vasiukov a gasar Sobiyet ta 1964, inda ya tsaya yana auna ko ya sadaukar da doki. Lissafi ya cakuɗe masa, sai wata waƙar yara ta faɗo masa a rai, wadda ke maganar wahalar fito da dorina daga cikin taɓo. Ya bar allon, ya shiga tunanin yadda za a yi aikin: da igiya, da ƙugiya, da jirgi mai saukar ungulu. Da ya ga babu dabara, ya bar dorinar inda take, ya miƙa dokin. Washegari ya karanta a jarida cewa ya yi minti 40 yana lissafi mai zurfi. Ya ci wasan.

Shekara ɗaya da kwana biyar

Zakaran da ya tunkara a Mosko a bazarar 1960, Mikhail Botvinnik, injiniyan lantarki ne mai shekara 48, uban makarantar chess ta Sobiyet, wanda ya fara riƙe kambun tun 1948. Mutum ne mai tsari a komai: abinci, barci, tattaki, nazarin abokin karawa. Don ya saba da hayaƙin sigari, yakan sa abokin atisayensa ya riƙa busa masa shi a fuska. Wasan walƙiya kuwa bai ɗauke shi abin kirki ba, har an ruwaito cewa sau ɗaya ya taɓa buga shi, a cikin jirgin ƙasa. Su biyun ba su taɓa karawa ba kafin wannan lokaci.

A wasa na shida, taku na 21, Tal ya ajiye dokinsa inda soja zai ci shi. Hayaniyar 'yan kallo ta kai har aka ɗauke allon aka koma ɗakin baya. Masu nazari daga baya sun nuna cewa Botvinnik yana da mafita. Bai gan ta ba a kan lokaci, ya sha kaye. A ƙarshe Tal ya ci wasa shida, aka ci shi biyu, 13 suka tashi canjaras: maki 12½ da 8½. Ranar 7 ga Mayun 1960 ya zama zakaran duniya na takwas, yana da shekara 23, mafi ƙarancin shekaru a tarihi zuwa lokacin, har sai da Kasparov ya zo a 1985.

Dokar wancan zamani ta bai wa wanda aka sauke damar ramuwa. Botvinnik ya koma ɗakin nazari ya yi shekara guda yana feɗe salon Tal. Ya gano cewa maganinsa shi ne a hana wasan buɗewa, a musanya sarauniya da wuri, a ja shi zuwa fili tsirara inda babu wurin ɓoye tarko. Tal kuwa ciwon ƙoda ya riga ya kama shi. Likitocin Riga sun ba da shawarar a ɗage karawar, Botvinnik ya ce sai dai likitocin Mosko su tabbatar, Tal ya ce a buga kawai. Ya sha kaye da maki 13 da 8. Kambun ya zauna a kansa shekara ɗaya da kwana biyar. Yakan yi raha da cewa ya samu sabon muƙami, na tsohon zakara mafi ƙuruciya.

Bai sake samun damar fafatawa kan kambun ba. A Curaçao a 1962 ciwo ya kwantar da shi gasa ba ta ƙare ba, Fischer ya je duba shi a asibiti, aka ɗauki hotonsu da ƙaramin allo a kan gado. A 1965 ya kai matakin ƙarshe na 'yan takara, Boris Spassky ya tare shi. A 1968 Korchnoi ya fitar da shi. A 1969 aka cire masa ƙoda guda.

Ba za a ce ya taimaki jikinsa ba. Ya sha sigari kamar babu gobe, ya sha barasa, zafin ciwo ya kai shi ga dogaro da allurar mofin na wani lokaci. A Olimfiyad ta Habana ta ƙasar Kyuba a 1966, an rotsa masa kai da kwalba a wata mashaya, ya rasa zagayen farko-farko, ya dawo ya ci gaba da cin wasa. Abokinsa Genna Sosonko ya rubuta cewa bai taɓa koyon tuƙin mota ba, kuɗi ba su dame shi ba, agogon hannu ma ba ya ɗaurawa.

Tal na biyu

Abin da ba a cika tunawa ba shi ne bayan tiyatar ne ya buga wasansa mafi inganci. Ya rage kasada, ya ƙara haƙuri. Daga Yulin 1972 zuwa Afrilun 1973 ya yi wasa 86 a jere ba a ci shi ba. Daga Oktoban 1973 zuwa Oktoban 1974 ya yi 95. Mutumin da aka zarga da caca shi ne ya riƙe wannan tarihi na rashin faɗuwa fiye da shekara 40, sai a 2018 Ding Liren na Sin ya wuce shi.

Sau shida ya zama zakaran Sobiyet, daidai da Botvinnik. Na ƙarshe a Tbilisi ne a 1978, inda ya raba matsayi na ɗaya da Tseshkovsky, a gasar da wani yaro mai shekara 15 daga Baku, Garry Kasparov, ya fara shiga. A 1979 ya raba na ɗaya da Karpov a Montreal, ya kuma lashe gasar share fage a garinsu Riga da maki 14 cikin 17. Ya yi shekara goma yana editan mujallar chess ta Latbiya, kuma littafinsa a kan karawar 1960 da na tarihin rayuwarsa suna cikin waɗanda har yau ake karantawa don daɗin rubutu.

Wasan walƙiya kuwa shi ne abincinsa. Sauran zakaru kan kiyaye martabarsu, ba sa zama da kowa. Tal yakan buga da duk wanda ya zo, gwani ko ɗan koyo, a otel ko a asibiti, har dare ya raba. A babbar gasar walƙiya ta Herceg Novi a 1970 ya zo na biyu da maki 14½, bayan Fischer wanda ya yi fintinkau da 19 cikin 22. Kambun Saint John ya zo bayan shekara 18.

28 ga Mayun 1992

A farkon 1992 Tarayyar Sobiyet ta riga ta rushe, Latbiya ta koma ƙasa mai cin gashin kanta, shi kuma Tal jikinsa ya ƙare. Duk da haka ya tafi Barcelona ya shiga gasa, ya kuma ci wasansa na ƙarshe a can, da Vladimir Akopian, ranar 5 ga Mayu. Da ya dawo aka kwantar da shi a asibiti a Mosko.

Ranar 28 ga watan aka shirya gasar walƙiya a birnin, Kasparov na cikin masu bugawa. Tal ya bar asibiti ya je. Waɗanda suka gan shi sun ga mutum mai shekara 55 da ya yi kama da tsoho tukuf, ƙashi da fata. Kasparov kuwa yana da shekara 29, yana tsakiyar ganiyarsa, babu wanda ya kai shi a duniya.

Tal ne ke da fararen 'ya'ya. Kasparov ya zaɓi tsarin kariyar da ya fi ƙwarewa a kai, wanda ake jingina wa tsibirin Sisili, amma ya yi jinkirin kai sarkinsa mafaka, ya bar shi a tsakiya. A taku na 15 Tal ya tura doki gaban soja. Kasparov ya ci dokin, hanya ta buɗe daga hasumiyar Tal kai tsaye zuwa kan sarki. A kan allo, zakaran duniya ya samo kariya, yana kuma da rarar doki a hannu. Amma neman kariyar ya cinye masa mintunan da ba shi da su. Rubutaccen wasan ya tsaya a taku na 17. Tutar Kasparov ta faɗi.

Shi ne wasa ɗaya tilo da aka ci Kasparov a gasar, kamar yadda shi da kansa ya bayyana daga baya. Ya rama a zagaye na biyu, ya kuma lashe gasar. Evgeny Bareev ya zo na biyu, Tal na uku. Daga nan ya koma gadonsa.

Ya rasu a asibitin Mosko ranar 28 ga Yunin 1992, sakamakon zubar jini a maƙoshi, bayan gaɓoɓinsa da dama sun daina aiki. Aka kai gawarsa Riga aka binne a maƙabartar Yahudawa ta Šmerlis. Akwai mutum-mutuminsa a wani lambu a tsakiyar birnin, kuma daga 2006 aka fara shirya gasar tunawa da shi a Mosko, wadda a wasu shekaru aka haɗa ta da gasar walƙiya ta duniya.